Yadda za ka yanke shawara kan tsohon gida a Kumasi bayan rahoton injiniya ya tayar maka da hankali

Ka ga gida a Aboabo ko Asawase ko Tafo, unguwar ta kwanta maka a rai, har magana ta yi nisa da mai shi. Ka yi abin da yawancin mutanenmu ba sa yi, ka biya injiniya ya duba ginin. Yanzu ga takardu a hannunka cike da hotunan tsaga da danshi da rodi mai tsatsa, ga dillali yana ta bugo waya wai wani boga, ɗan gida mazaunin ƙasar waje, ya sauka daga Jamus da kuɗinsa a jaka.

Raka masu saye duba gidaje sana'ata ce, kuma ban taɓa ganin tsohon gidan da aka duba aka rasa abin rubutawa ba. Injiniya yana zuba duk abin da ya gani a takarda ne don kada gobe a kama shi da laifi, shi ya sa fashewar gilashin taga da nutsewar harsashi sukan zo a shafi ɗaya. Naka aikin shi ne ka ware aibin da ke da farashi daga wanda kuɗi ba sa gyarawa.

Abin da za ka tanada

Rahoton, a buge a takarda, da jan biro. Tocila mai haske sosai. Ƙaramar guduma da sukudireba. Rula mai milimita da tef na awo. Igiya da aka ɗaura wa ɗan ƙarfe mai nauyi a baki. Siririn tiyo fari wanda ake ganin ruwa a cikinsa, mai tsawon mita 10 ko fiye. Alli, fensir, da ɗan garin filasta a leda. Tsani. Wayarka, don hoto.

Mutane kuwa huɗu ne: birkila, kafinta, mai aikin wuta da ke da lasisin Hukumar Makamashi, da lauya. Kada ko ɗaya daga cikinsu ya zo ta hannun dillali ko mai gida. In da hali, birkilan ma kada ya zama ɗan unguwar, domin kunyar maƙwabtaka za ta ɗaure masa baki. Sai kwafin duk wata takarda da mai gida yake da ita a kan filin.

1. Tsayar da kuɗi, ka nemi lokaci

Daga yau kada sidi ɗaya ya fita. Je wurin mai gida da kanka, ba ta bakin dillali ba, ka ce masa: "Baba Alhaji, gidan nan ina so. Amma masu dubawa sun ga wasu abubuwa, a ba ni wata guda in kawo ma'aikata su yi mini lissafi." Wanda ba ya ɓoye komai ba ya ƙin wannan. Idan ya dage sai ka ajiye wani abu, a rubuta a gaban shaidu cewa za a mayar maka da shi in bincike ya nuna matsala a harsashi ko a takardu. Kafin alƙalamin da aka bayar da baki, da wuya ya dawo cikakke.

2. Zauna da wanda ya rubuta rahoton

Da farko ka san ko wane ne. A nan kowa safiyo ake ce masa: mai auna iyakar fili, mai ƙiyasta darajar gida don banki, da mai lissafin kayan gini. Dukansu suna da aikinsu, amma hukuncin ko bango zai tsaya ko zai faɗi na injiniyan gini ne mai rajista. In ba irinsa ne ya sa hannu ba, ka nemo shi ya sake duba wuraren da suka fi muni kawai, ba sai gidan duka ba. Idan ba ka san kowa ba, tambaya a sashen injiniyan gine-gine na jami'ar KNUST, ko a cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI da ke Fumesua.

Kan kowane aibi ka yi masa tambaya uku. Me ya jawo shi? Ya tsaya ko yana ci gaba? In aka bar shi damina biyu, me zai faru? Sannan ka tambaye shi abin da bai gani ba: ya shiga cikin silin? Ya tona gefen harsashi? Akwai ɗakin da aka ce mai shi ya yi tafiya da makulli? Ɗakin nan da ba a buɗe ba, shi za ka fara nema.

3. Raba abubuwan kashi uku

Da jan biro ka sa wa kowane layi alama. Kashi na farko na kwalliya ne: fenti, tayil, ƙofofi, silin da ya lotsa, tsagar filasta. Waɗannan ba sa hana ciniki, ka wuce su. Na biyu masu tsada amma ana iya sa musu farashi: sabon rufi, sabon wayarin, salga, magudanar ruwa, gyaran linta. Na uku su ne masu iya kashe maganar gaba ɗaya: ƙasar da ke motsi a ƙarƙashin gini, ambaliya, dakin (kankaren da ake zubawa a saman gini) da rodinsa ya ruɓe, da takardun da ba su tsaya ba. Sauran matakan nan duk don ka gane ko kashi na uku gaskiya ne.

4. Tsagar bango

Fara da faɗinta, ka ɗora rula. Wadda ba ta wuce milimita 5 ba, yawanci cikewa da shafe sun ishe ta. Daga 5 zuwa 15, birkila zai fasa ya ɗinke, kuma dole a san dalilinta. Daga 15 zuwa 25, wani sashe na bangon zai sauka a sake shi. Fiye da 25, wadda yatsanka ke shiga har ka hango haske, ginin na cikin haɗari.

Amma siffa ta fi faɗi bayani. Tsagar da ta yi kamar saƙar gizo a fuskar filasta ba ta da zurfi. Wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta gangara a karkace tana bin layin bulo hawa-hawa, kuma ka zagaya waje ka same ta a daidai wannan wuri, tana nuna wani gefe na harsashi ya sauka. In ta fi buɗewa a sama ta matse a ƙasa, kusurwar gidan na sunkuyawa. Gwada ƙofofin wannan ɓangare. Ƙofar da ake ɗagawa kafin ta rufu, ko wadda kafinta ya sha fere mata kai, shaida ce.

Yanzu igiya. Hau tsani, riƙe ta a saman bangon, bar ƙarfen ya natsu, ka auna tazarar igiya da bango a sama, a tsakiya, da ƙasa. Bangon da ya yi ciki ko ya jingina zai nuna kansa nan take. Sai tiyo: cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska, kai ka riƙe baki ɗaya a wata kusurwa, birkila ya riƙe ɗayan a wata. Ruwan bakin biyu kullum a layi ɗaya yake tsayawa. Ku sa alli, ku auna daga alamar zuwa ƙasan linta. Bambancin da kuka samu shi ne yadda gidan ya sauka, ko yadda aka gina shi a karkace tun asali, birkila zai gane wanne ne.

Babbar tambaya ita ce ko motsin ya tsaya. Gidan da ya zauna shekara 40 da suka wuce ya kuma natsu, ba abin tsoro ba ne. Kwaɓa garin filasta, ka manna ɗan faci kamar tafin hannu a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata da fensir a gefe, ka ɗauki hoto. Yi haka a wuri uku ko huɗu. In facin ya tsage cikin 'yan makonni, ginin na tafiya. Idan babu filasta, manna siririn gilashi da gam mai ƙarfi, ko ka ɗiga alama biyu a gefe da gefe ka riƙa auna tsakaninsu. Gargaɗi: gwajin nan a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan yi ƙarya, domin ƙasa a bushe take. Sai ruwa ya sauka ake sanin gaskiya.

Kuma ba kowane motsi ne ke kashe ciniki ba. Sau da yawa dalilin na nan kusa: bututun da ya fashe a ƙarƙashin daɓe, ramin salga da aka haƙa dab da bango, ruwan rufi da ke zuba a gindin gini shekara da shekaru, ko saiwar mangwaro. Waɗannan ana kawar da su, a ƙarfafa harsashin wannan gefen, magana ta ƙare. Wanda ba ya ƙarewa shi ne ginin da aka ɗora a kan tsohon juji ko fadamar da aka cike da shara da jar ƙasa. Roƙi izini ka sa lebura ya tona rami ɗaya a gefen bangon waje har ƙasan harsashi. In leda da gwangwani da baƙar ƙasa mai wari suka riƙa fitowa, mayar da ƙasar ka yi sallama.

5. Ruwa

Kumasi na samun damina biyu: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba. Duk wanda ya zauna kusa da rafin Aboabo ko Subin ya san yadda suke tumbatsa. Injiniyan da ya zo da rana tsaka a watan Janairu ba zai ga wannan ba. In ruwa ya sauka cikin watan da ka nema, bar abin da kake yi ka tafi gidan, ka tsaya a tsakar gida ka ga inda ruwan ke bi.

In rani ne, karanta alamu. Dubi ƙofofin maƙwabta: ɗan bangon bulo ɗaya ko biyu da aka gina a bakin ƙofa ana tsallakawa, ba ado ba ne. Dubi layin laka a jikin katanga ta baya inda ba a yi fenti ba. Dubi ko titi ya fi tsakar gidan tudu, abin da ke faruwa da tsofaffin gidaje duk lokacin da aka ɗaga hanya aka yi kwalta. Sannan ka sayi koko da ƙosai wurin Hajiyar da ke bakin layi, ka tambaye ta: "Hajiya, bara da aka yi babban ruwan nan, har ina ya kai a layin nan?" Ita ba ta da kaso a cinikin. Leƙa kuma sashen tsara gari na KMA, hukumar birnin Kumasi, ko na Asokore Mampong in gidan a Aboabo ko Asawase yake, ka tabbata filin bai shiga hanyar ruwa ko wurin da aka ware wa titi ba. Jan fentin hukuma a jikin katanga, ko da an shafe shi da farar ƙasa, sai ka bi ba'asinsa.

Danshin da ke tasowa daga ƙasa daban ne. Za ka ga fenti na kumbura yana zuba da farin gishiri daga daɓe zuwa wajen mita ɗaya. Yawancin tsofaffin gidajenmu an gina su ba tare da ledar hana danshi ba, don haka kusan kowanne yana da shi. Ana rage shi da magudana mai kyau, da daɓen siminti mai gangara a kewayen gini, da sabon shafe. Kashi na biyu ne. Sai dai ka yi hattara da sabon tayil da aka manna daga ƙasa zuwa ƙugu a gidan da aka sa a kasuwa, ƙwanƙwasa shi ka ji.

Inda danshi ke zama kashi na uku shi ne ginin laka, wanda ake kira atakpame. Gidaje da yawa a tsofaffin zangonni laka ce aka lulluɓe da siminti aka yi fenti, har mai gidan na yanzu yana iya rantsuwa bulo ne. Auna kaurin bangon a bakin ƙofa, in ya fi na bulo nesa ba kusa ba, ka yi zargi. Bi gindinsa da guduma a hankali. Inda ya yi ƙara kamar ganga, siminti ya rabu da laka, ruwa ya shiga tsakani. Soka sukudireba a wani ɓoyayyen wuri. Atakpame busasshe mai rufi mai kyau yana iya wuce jikokinka, amma wanda gindinsa ya jiƙe yana zubewa ne dare ɗaya. Kuma ko lafiyarsa lau, ba a ɗora masa bene.

6. Dakin, rufi, wuta, salga

A gidan bene, haska tocila ƙarƙashin dakin da matakala da baranda. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, sai ya tunkuɗe kankare. Wuri ɗaya ko biyu ana kankarewa a gyara. In kuwa ya bazu, rodin ya sirance har yana ɓarewa a hannu, ko dakin ya yi ciki a tsakiya, kada ka yarda da maganar birkila kaɗai, injiniya ya gwada ƙarfin kankaren. Tambayi kuma ko benen an gina shi tare da ƙasan ne, ko daga baya aka ɗora a kan harsashin da ba a yi shi don haka ba. Wanda ya tuna babban kantin da ya rufta a Achimota a 2012 ba zai ɗauki wannan tambaya da wasa ba.

Kafinta ya shiga silin da sukudireba. Katakon odum na da, gara ba ta cika cinsa ba, katakon da ake kira wawa kuwa tuwonta ne. Tsohon rufin asbestos, irin wanda ake gani a gidajen gwamnati na da, kada a fasa shi ko a huda shi a bushe, ƙurarsa na lalata huhu, sauke shi aiki ne na musamman da za ka sa a lissafi. Wayarin da ya haura shekara 30, ɗauka kawai za a sake shi. Ka nemi rasit na ƙarshe na ECG, kamfanin wuta, da na ruwa, domin bashin mita yakan jira sabon mai gida. In gidan ba shi da bayan gida sai na unguwa, duba tun yanzu ko akwai wurin haƙa rami nesa da harsashi da rijiya.

7. Takardu

Wannan ba ya cikin rahoton injiniya, amma shi ya fi cinye mutane. Yawancin filayen Kumasi na kujerar sarauta ne, abin da ake sayar maka haya ce ta dogon zango, galibi shekara 99. Don haka ka duba shekarar da aka fara ƙirga. Hayar da aka bayar a 1948 za ta ƙare a 2047, sabuntawa kuma da kuɗinta. Wanda ba ɗan ƙasar Gana ba, tsarin mulkin 1992 bai ba shi fiye da shekara 50 a lokaci ɗaya ba, 'yan'uwanmu masu fasfon Najeriya ko Nijar su lura.

Lauya ya kai taswirar filin Hukumar Filaye a yi bincike a rubuce: sunan wa ke kai, ko an jinginar wa banki, ko akwai shari'a. A bi kuma ta ofishin filaye na Asantehene, Sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia, domin sauya sunan mai haya na buƙatar yardar masu ƙasa. Takardar rabon fili da wani sarki ya ba kakan mai gida, ita kaɗai ba shaidar mallaka ba ce, mafari ce kawai. Gidaje da yawa a zango iyakar abin da suke da shi ke nan. Ba na cewa kada a saya, amma lauya ya faɗa maka kuɗi da lokacin da zai ci kafin ta zama cikakkiyar takarda, a cire daga farashi. Safiyon fili kuma ya auna iyaka, don katangar da ka gani ba lallai ita ce ke cikin taswira ba.

Tsohon gida kusan kullum gidan gado ne. Ko malamai sun raba gadon bisa shari'a, Hukumar Filaye takardar kotu ta masu kula da dukiyar mamaci take nema. Ka ga magada duka da idonka, har mata da matan marigayi, ba babban wa kaɗai ba. Wanda ke Amurka ko Italiya ya aiko da takardar wakilci. In gidan dangin Asante ne, sai abusuapanin, wato shugaban dangi, da sauran manyan dangi sun sa hannu, kuma ka je musu da ladabi, da Nana, kalmarsu ta girmamawa, a bakinka. In na mutum ɗaya ne da ya saya bayan ya yi aure, Dokar Filaye ta 2020 ta ce sai da rubutacciyar yardar matarsa, ko mijinta in mace ce. Magaji ɗaya da ya ce bai yarda ba ya fi kowace tsaga haɗari.

8. Masu haya

Shiga ɗaki-ɗaki ka gaisa, ka tambayi kowa zuwa yaushe ya biya. Doka wata 6 ta yarda a karɓa gaba, amma kowa ya san ana karɓar shekara biyu. Akwai kuma tsohuwar da ba ta biyan komai don marigayi ya ce ta zauna har ranta. A rubuta wanda zai sallami kowa kafin ka biya kuɗin ƙarshe, in ta kama a je ofishin kula da haya.

9. Lissafi

Kowane abu na kashi na biyu, ka samo farashinsa a rubuce daga ma'aikata biyu, kayan aiki daban, kuɗin hannu daban. Haɗa su, ka ƙara kashi 20 cikin 100, domin ba a buɗe tsohon bango a tarar da abin da aka zata kaɗai, siminti da rodi kuma ba sa jiran kowa. Ƙara kuɗin lauya, hatimin gwamnati, yardar masu ƙasa, bashin harajin gida da na ƙasa in akwai, da hayar da za ka ci gaba da biya kafin ka tare.

Ga misali, lambobin na koyarwa ne kawai. Gida irinsa mai lafiya a layin yana kai sidi 900,000. Gyara 200,000, ƙarin kashi 20 ya zama 240,000. Takardu da haya 60,000. Iyakar abin da za ka biya 600,000 ke nan. In mai gida ya tsaya a 800,000, kai ne za ka biya masa gyaran da ya ƙi yi.

Idan gyara ya kusa kuɗin sabon gini, daina kallonsa a matsayin gida. Fili kake saye, farashinsa kuwa kuɗin fili ne a cire na rushewa da kwashe ɓaraguzai da izinin gini. A unguwanni na tsakiyar gari wannan yakan yi riba, muddin babbar mota na iya shiga layin. Na ga filayen da sai da baro ake kai musu yashi.

Kuskuren da ya fi yawa: a zuba duk abin da ake da shi a saye, a ce gyara a hankali. Fenti na jira, rufi da harsashi ba sa jira. In bayan ka biya ba za ka iya yin waɗannan biyun kafin damina mai zuwa ba, gidan ya fi ƙarfinka a bana.

10. Koma wurin mai gida

In kashi na uku ya tabbata ko da a abu ɗaya ne, janye. Ba sai ka kushe gidan ba, mutane sun haifi 'ya'yansu a ciki. "Baba, na yi istihara, na yi lissafi, abin bai yiwu ba, Allah ya kawo mai rabo." Kuɗin injiniya da lauya sun tafi, kada su ja ka cikin abin da ya ninka su sau ɗari.

In kuwa duk kashi na biyu ne, tafi da takardun farashi, ka ajiye su a gabansa, ka faɗi tayinka sau ɗaya. Idan ya ce shi zai gyara kafin ya miƙa maka, ka ƙi cikin ladabi, mai fita ba ya gyara don shekara 20. Ragi za ka karɓa, ka yi aikin da mutanenka. Biya ta banki, kashi-kashi: wani a ranar sa hannu gaban lauya, wani in yardar Manhyia ta fito, ragowar ranar da aka kwashe kaya aka ba ka makullai duka.

Da ka karɓa, fara da magudana da gindin bango, sai rufi, sai wuta da salga. Facin filastan nan da ka manna, bar su a wurin, ka riƙa duba su har ƙarshen Oktoba kafin ka kira mai fenti.